Masinja Ba Baran Gidanka Ba Ne

Kafin zuwan Turawa, jakada ne ke ɗauke da saƙon sarki da na hakimi zuwa ƙauyuka. Shi ke karɓo haraji, kuma maganarsa maganar ubangidansa ce. Da sojojin Lugga suka fasa ƙofar Bebeji a farkon Fabrairun 1903, suka ci Kano bayan kwana biyu, sai Bature ya tarar ba ya jin Hausa, bai kuma san hanya ba. Dole ya jingina da irin su Adamu Jakada, da tafintoci, da masinjoji. A zamanin En'e masinjan Di'o abin tsoro ne, domin abin da ya faɗa wa Bature shi ne gaskiyar ranar.

Da 'yan boko suka gaji kujerun Turawa, buƙatar tafinta ta ƙare. Aka bar masinja da ɗaukar fayil da zaman benci. A 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, rahoton Udoji ya jera ma'aikata a matakai 17, masinja yana can ƙasa. Daga 2003 kuwa Gwamnatin Tarayya ta shiga miƙa ƙananan ayyuka ga 'yan kwangila, inda babu fansho, babu ƙarin girma.

To, laifin gwamnati daban, namu daban. Ku leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma a Bebeji ko Kiru, Tudun Wada ko Doguwa. Yaron da ya gama jami'a jiya zai ƙwalla wa sa'an mahaifinsa kira, ya aike shi sayen goro, ko kai cefane gida. Mu ne fa muke cika ɗakin taro da la'antar mulkin mallaka! Ashe kujerar Baturen muke hari, ba zaluncinsa muke ƙi ba?

Wasu za su ce ai akwai waya, masinja ya zama tarihi. Wayar ce ke sanin kabad ɗin da takardar filin manomi ta kwana? Ita ke nuna wa tsohuwar da ta taso daga Doguwa ƙofar da za ta shiga?

Saboda haka muna kira ga duk wanda zai kama aiki cikinmu: ka kira shi Malam ko Baba, da sunansa. Kada ka aike shi sai kan aikin hukuma. Ƙungiyoyin ƙwadago su matsa a ɗauke shi aiki na dindindin, a buɗe masa ajin yamma ya zama akawu. Goronka kuwa, Ranka ya daɗe, zuwa da kai ya fi aike.