Kada ka ba mai rufa-rufa ajiyar muryar kakarka

Ƴan uwa ɗalibai, yau faɗa na zo yi, kuma da ku zan yi shi. Tun ranar da na sa wata manhaja mai taga biyu a kan tsohuwar kwamfutar ɗakinmu, ba'a ba ta ƙare ba. Wai na zama injiniya. Wai ɗalibin ilimin harshe me ya kai shi nan? Wai Explorateur ɗin da ya zo da Windows bai ishe ni ba? To, bai ishe ni ba. Ku ma bai ishe ku ba, ranarku ce dai ba ta zo ba.

Hutun daminar da ta wuce a gida na yi shi, a Sassumbrum, ina ɗaukar murya don aikin memwar ɗina a kan Hausar yankinmu. Tsofaffi mata huɗu na zauna da su, cikinsu har da Kakata. Tatsuniya, waƙar daka, habaici, hirar yadda ake aure a da: fishiye 63. Da na komo Damagaram salula ta cika, sai na juye su duka a kile, wanda ƴan Najeriya ke ce wa filash, na goge na cikin salular. Wautata ta farko ke nan. Ta biyu, na ɗauki wannan kilen na shiga wani siber don in buga takarda shafi biyu. Da na dawo ɗaki na soka shi, ko wane dosiye ya koma rakursi, da ƴar kibiya a gindinsa. Abokin ɗakina ya leƙo ya ce: "Kai, sai haƙuri, formate kawai za ka yi." Lokacin Kaka ta yi wata guda da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ina zan sake samo ta ta yi mini gatanan gatananku?

Wata yayarmu da ke gaba da mu a sashe ce ta hana ni. Ta ce: "Ƙanena, kada ka taɓa ko ɗaya, kawo." Ta buɗe kilen da Double Commander, ta ce masa ya nuna abin da ke ɓoye, sai ga su reras, 63 cif. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Ku ji yadda abin yake. Birus ɗin nan na rakursi yawanci ba ya goge komai. Alama yake sa wa dosiyoyinka cewa ɓoyayyu ne kuma na tsarin injin ne, sannan ya ajiye rakursi masu sunansu a gurbinsu. Ka latsa, ka tayar da shi, ya kama wata kwamfutar. Wa ke taya shi? Explorateur. Yadda yake zuwa daga kamfani, ba ya nuna ɓoyayyen fishiye, na tsarin injin kuma sai ka sake shiga wani lungu dabam ka cire wata alama. Yana ɓoye wutsiyar suna, irin .exe da .docx, shi ya sa ake iya yi wa shirin ɓarna hoton dosiye ka ɗauka naka ne. Wutsiyar rakursi kuwa, .lnk, ko ka ce ya nuna wutsiyoyi ba zai nuna ta ba. Yanzu don Allah, wanda ka ba ajiya, ɓarawo ya shiga ya lulluɓe kayanka da tabarma, shi kuma ya ce maka ɗaki wayam, sunansa ma'aji?

Kada ku ce sabon yayi na kwaso. Wannan tsari na taga biyu ya girme mu duka. Norton Commander ya fito da shi a 1986: hagu inda kaya suke, dama inda za su, F5 kwafa, F6 kai can, F7 sabon dosiye, F8 gogewa. A 1993 wani mutumin Suwizalan, Christian Ghisler, ya yi irinsa don Windows, shi ne ake kira Total Commander tun 2002. Har yau maɓallan nan ba su sake ba. Ka koya sau ɗaya, ka huta.

To wanne za a zaɓa? Nan ma ina da faɗa da wasunku. Total Commander yana da kyau ƙwarai, amma na sayarwa ne, wata guda aka ba ka ka gwada, kuma kullum ka buɗe sai ya sa ka latsa 1, 2 ko 3 don ya tuna maka bashi. Na san abin da za ku yi: ku je wurin mai gyara ya zuba muku wanda aka fasa. Wato don ka kori ɓarawo sai ka ɗauko wanda ba ka san asalinsa ba ka ba shi makullin ɗaki. Ni Double Commander na zaɓa, kuma ga dalilaina. Kyauta ne na halak, ba na sata ba, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Yana aiki a Windows da Linux da Mac. Akwai wanda ba sai an girka ba, daga kile yake tashi, ga mu da yawanci kwamfutar aro muke amfani da ita. Yana kuma jin Faransanci.

Akwai gwajin da ni ɗan harshe nake yi wa ko wace irin wannan manhaja, ku ma ku yi. Buɗe dosiye ka sa masa suna da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, haruffan da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar. Kwafa shi, matse shi cikin zip, buɗe shi a wata kwamfuta, ka nemi sunan. In ka ga alamar tambaya a gurbin ƙugiya, jefar da manhajar. Kare da ƙare ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, haka daure da ɗaure. Kayan aikin da zai tilasta mini in rubuta harshena ba daidai ba, ba nawa ba ne. Double Commander ya ci gwajin a hannuna.

Sai maganar suna. Mu da muke kwana muna gardama a kan ma'anar kalma, je ka duba kilenmu: REC001, REC002, Nouveau dossier (3), memwar final, memwar final na gaskiya. Abin kunya! Da F2 ɗaya bayan ɗaya, 63 sai ka yi hamma ka bari. Da manhajar nan na zaɓe su duka na sake musu suna a tashi guda: shekara, wata, rana, gari, irin magana, lamba. In ka fara da shekara, su da kansu suke jeruwa bisa lokaci. Yana kuma gwama dosiye biyu ya nuna maka abin da ke nan babu a can. Wanda wuta ta taɓa ɗauke masa ana tsakar kwafa ya san amfanin wannan.

Na ji masu cewa mummuna ne, kamar allon banki. Gaskiya ne, ba shi da ado. Rariya ma ba ta da ado, amma ita ke raba gari da tsaki. Wasu sun ce Windows 11 ya sa wa Explorateur shafuka tun 2022. Madalla, amma nawa ne cikin tsofaffin injinan da muke taɓawa ke iya ɗaukar Windows 11? Kuma shafukan ba su hana shi ɓoye .lnk ba. Masu cewa a zuba komai a intanet kuwa, awa guda ta murya da ba a matse ba tana kai mega 600. Ka lissafa kuɗin forfe, ka tuna yadda rezo yake in ka bar bakin titi a ƙasar Magariya ko Dungas, sannan ka dawo mu yi magana.

Kada kuma a ce na ce maganin birus ne. Ba shi ba ne. Ido ne kawai. Bayan yayar nan ta kwashe fishiyoyina, sai da aka wanke kilen tas. Kuma ba zai hana ka wautar ajiye abu wuri guda ba. Yanzu muryar Kaka tana wuri uku, ɗaya yana cikin akwatin Inna a Sassumbrum.

Abu guda ya rage da ke ci mini rai. A jerin harsunan wanda na sauke na ga Faransanci, na ga Rashanci, ban ga Hausa ba. Kalmominsa kuwa suna cikin fishiye guda da kowa ke iya fassarawa. Mu ne ƴan sashen harshe. In mun iya tara kuɗin fotokopin wannan ɗan littafi, mun iya zama mu yanke yadda za a ce F5 da Hausa. Mai so ya same ni bayan darasi, ya zo da kilensa. Zan fara nuna masa abin da ke ɓoye a ciki.