ZAUREN IYALI: Hanya Ma Gado Ce

Yau zan ɗan jingine maganar miji da mata, mu taɓa zancen hanya, don wallahi ita ma tana raba gida.

A ƙasar Ingila akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Pennine Way, wadda aka buɗe a 1965. Tsawonta mil 268 ne, ta bi ta kan tuddai da makiyayar tumaki tun daga ƙauyen Edale har cikin Sikotilan. Mutum da motarsa da kuɗinsa zai ajiye su, ya goya jaka, ya shafe sati biyu ko uku yana taka sayyada, dare ya yi ya kwana a ƙauye. Na san wani zai ce, "Kai, wannan ai ƙoshi ne!" To ba a banza suka samu hanyar ba. A 1932 talakawa suka yi gayya suka hau tudun Kinder Scout, inda masu filaye suka hana shiga, har aka ɗaure mutum biyar. Sai a 1949 aka yi dokar da ta ba da damar shata irin waɗannan dogayen hanyoyi. Yau ko ta tsakiyar gonarka hanyar jama'a ta ratsa, ba ka da ikon tosheta.

To mu fa? Mu nan Daura ba mu da irin tuddansu, sai jigawa da fako, amma babu mai koya mana doguwar tafiya. Ƙasarmu tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Damagaram. Buzaye kan gangaro daga duwatsun Azbin da raƙuma ɗauke da gishirin Bilma, fatakenmu kuma su kora jakuna har Gwanja neman goro, madugu na gaba, ana ya da zango ana tashi. Kakanninmu da ƙafa suka je Makka, ta Chadi da Sudan, wani sai ya shekara bakwai bai dawo ba. Ko zance ma, da ƙafa saurayi kan ratsa ƙauye uku ya je wajen budurwarsa. Yanzu kuwa in ba ka da mashin, yarinya ko ruwa ba ta kawo maka.

Kwalta ta maye hanyar fatake, jirgi ya ɗauke alhazai. Abin da ya rage mana na doguwar hanyar ƙafa shi ne burtali, wanda makiyaya ke bi su yi arewa cikin Nijar da damina, su dawo kudu bayan kaka. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1965 da Turawa suka buɗe hanyarsu, ita ce shekarar da gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Su sun riƙe tasu. Tamu kuwa muna cinye ta kunya-kunya.

Yadda abin ke faruwa kowa ya sani. Magidanci ya mutu ya bar 'ya'ya goma, gona ba ta ƙaru ba. Wannan ya ƙara kunya biyu cikin burtali, maƙwabcinsa ya gani ya ƙara uku. Kafin shekara goma, inda garke ke wucewa a sake ya koma 'yar siririyar hanyar da ko amalanke ba ta bi. Saniya kuwa ba ta tashi sama. Ta faɗa cikin gero, sai sanda, sai adda, sai gawa. Wa ke kwana a ciki? Matar da za ta shiga takaba da goyo, da marayun da za a rarraba gidajen dangi. Shi ya sa na ce maganar iyali ce.

Ba ina wanke makiyayi ba ne. Wanda ya saki dabba cikin amfanin mutane da gangan azzalumi ne, a ci shi tara. Amma wanda ya nome burtali shi ma ya ci amanar jama'a, ko da takarda a hannunsa.

Kirana ga hakimai da dagatai da masu unguwanni na Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu: dattawan da suka san iyakar burtali suna ƙarewa. A fita da su tun suna da rai, manomi da Ardo na tsaye, a kafa alama ta siminti ko a dasa itatuwa, a rubuta a ajiye.

Kai kuma maigida, in an yi hutun makaranta ka ɗauki yaranka da sassafe, da gorar ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli, ku taka zuwa ƙauyen kakanninsu. Ka nuna masu burtali, ka ce wannan ba gonar kowa ba ce. Uwargida, in kin ga maigida na shirin ƙara kunya inda ba nasa ba, ki yi masa magana cikin dare da lallashi. Damin gero biyu bai kai ransa ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.