Ra'ayi: Kafin A Sayi Siminti, A Tambayi Mai Ɗaki Inda Yake Masa Yoyo

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, sai maganar gyaran gida ta taso. Ɗan da ke ci-rani a Legas, ko Abijan, ko Libiya, ya tara abin da Allah Ya hore masa, yana so a gyara gidan mahaifinsa kafin damina ta zagayo. Kuɗi su iso ta Nita ko Amana, hoto ya biyo baya ta WhatsApp: gida mai fenti, ƙofar ƙarfe mai ado, tayil har bakin zaure. Sai saƙon murya: "Baba, irin wannan nake so a yi mana." Haka abin yake a ƙauyukan Agye da Gazawa, da duk inda gida ke da ɗa a waje.

Niyyar tana da kyau, kuma babu mai ƙin ganin gidansu ya yi kyau. Matsalar ita ce inda ake neman shawara. Matashin yakan tambayi abokinsa na wurin aiki, ya kalli bidiyon TikTok, ya tuntuɓi mai sayar da kayan gini, amma ya tsallake mutanen da suka kwana shekaru a cikin gidan. Gyaran da aka faro daga hoto yakan ƙare a fuskar gida, alhali abin da ke kayar da gida a wannan yanki ruwa ne.

Daminar 2024 ta isa darasi. A daren 30 ga Agusta na shekarar, ruwan da aka tafka a birnin Maraɗi ya kashe aƙalla mutum 15, ya rushe gidaje masu yawa. Bayan kwanaki kaɗan, a ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube. A faɗin Nijar kusan mutum 400 suka rasu, ambaliyar ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, kuma Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Har komawa makaranta sai da aka ɗage daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli. Da yawa daga cikin mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗo musu.

Duk magini da ya san aikinsa zai ce ta wuri biyu ruwa ke cin ginin ƙasa: ta gindi da ta sama. Idan ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar sai ta sha, ta yi laushi, nauyin bangon ya rinjaye ta. Idan kuma indararo ya toshe ko ya yi gajarta, ruwan rufi sai ya bi jikin bango yana zaizayarsa har ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fenti da tayil ba su hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai kuma kuskuren da ya zama ruwan dare: shafe bangon ƙasa da siminti don ya yi kama da na birni. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna da kyau. Bangon ƙasa yana shan laima ya fitar da ita; siminti kuwa yana toshe hanyar fitar. Da shafen ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta baya, sai ya rasa mafita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye, daga waje kuma ana ganinsa sumul. Mai gida ba ya ankara sai ranar da shafen ya ɓalle gaba ɗaya. Wanda ya turo kuɗin yana can yana nuna wa abokai hoton gida, bai san ya biya kuɗin rufe ciwo ba ne.

To wa ya kamata a fara tambaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A mafi yawan gidaje, wannan mai ɗakin mace ce. Uwar gida ce ke share tsakar gida kullum, ita ta san kusurwar da ruwa ke taruwa, ɗakin da ba ya kwantuwa a watan Afrilu saboda zafi, da madafar da hayaƙi ke hana ta buɗe ido. Tambaya ɗaya, "Inna, me ya fi damun ku a gidan nan?", takan sauya tsarin aikin duka. Sau da yawa amsar ba babbar ƙofa ba ce. Magudanar ruwa ce, ko makewayi mai rufi da ya yi nisa da rijiya, ko taga mai raga da za ta shigo da iska ta tare sauro, ko rumfa a tsakar gida.

Na biyu shi ne tsohon magini na garin. Shi ya san wace ƙasa ce ke riƙe gini, wace ce yashi ya yi mata yawa, ya kuma san hanyar da ruwa ya bi a manyan daminun baya. Wannan sani ba ya cikin bidiyon da aka ɗauka a Dubai ko Abuja. Maginan Hausa sun daɗe da dabarun kare bango: makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi na marina, da ɗaurin guga mai ɗaukar rufi, da yaɓe da ake sabuntawa kafin damina. Ba kowace dabara ce za ta dawo ba, tunda azara ta yi wuya kuma masu aikin sun ragu. Amma wanda ya raina wannan ilimin saboda mai shi bai shiga aji ba, kansa ya cuta.

Na uku shi ne mai ilimin gini na zamani. Tsohon magini ya san ƙasa, amma yawan ƙarfen da ginshiƙi ke buƙata, da zurfin tushe, da yadda ake ɗaure kwano kada guguwar farkon damina ta yaye shi, aikin injiniya ne ko ƙwararren ma'aikaci. Sae Sabuwa ba ta da nisa da Maraɗi. Kuɗin kawo mutum ɗaya ya duba gida na yini guda bai kai asarar ɗaki ɗaya ba.

Akwai shawara ta huɗu da ake jin nauyin nema: ta 'yan'uwa da maƙwabta. Gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya zuba miliyan a filin da ba a raba ba, ba tare da an zauna an yi magana ba, yana iya gina rigimar da za ta fi ginin daɗewa. Haka wanda ya ɗaga tsakar gidansa ya juya ruwa zuwa bangon maƙwabci. Tun 1993 dokar karkara ta Nijar ta tanadi kwamitocin kula da filaye, ga kuma mai gari da limami. A zauna da su kafin a sauke yashi.

Wani zai ce duk wannan dogon zance ne, a rushe ginin ƙasa a yi na bulo a huta. Akwai gaskiya a ciki. Tushen dutse da siminti ya fi na ƙasa jure ruwa, kuma bayan ambaliyar, a watan Oktoban 2024, gwamnati ta rage farashin siminti don sauƙaƙa wa masu sake gini. Sai dai bulo ma yana da sharaɗi. Idan aka miƙe buhu mai kilo 50 aka buga bulo fiye da ƙima, ko aka ƙi shayar da shi ruwa na aƙalla mako guda, ko aka ɗora shi kan tushe marar zurfi, tsagewa zai yi. Ɗakin bulo mai rufin kwano, ba silin, ba tagogi masu fuskantar juna, a lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tsofaffi ba sa iya zama cikinsa da rana. Sai a ga an kashe kuɗi, iyayen kuma sun koma inuwar tsohon ɗaki.

Nijar tana da misalan da ke nuna cewa ba dole ne a zaɓi tsakanin ƙasa da zamani ba. A Yama, jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Masu digiri ne, amma tare da maginan yankin suka yi aikin. Idan masu zanen gini da duniya ta sani sun ga dacewar tambayar magini na ƙauye, ɗan ci-rani ba shi da dalilin jin kunyar yin haka.

Saboda haka, mai son gyaran gida ya bi abin daki-daki. A fara da hanyar ruwa da gindin bango, a bi da rufi da indararo, sannan makewayi da madafa da tagogi. Fenti da tayil su zo ƙarshe, in kuɗi ya rage. A rubuta yarjejeniya da magini a gaban shaidu, a biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka gani, a kuma fara da wuri bayan kaka, domin ginin da aka yi cikin gaggawa a watan Mayu shi ruwan farko ke fara gwadawa.

Hukumomi ma suna da nasu. Ma'aikatun magajin gari a Sae Sabuwa, da Agye, da Gazawa, suna iya ware rana ɗaya a mako, musamman ranar kasuwa, da ma'aikacin gini zai zauna ya saurari masu tambaya kyauta. Gidajen rediyon al'umma suna iya haɗa tsohon magini da injiniya a shiri ɗaya kafin lokacin gini. Wannan ya fi rabon tabarmi da buhun hatsi bayan gida ya faɗi araha.

Kuɗin ci-rani da gumi ake samunsa, wani lokaci da kasadar rai a hamada. Bai kamata ya ƙare a bangon da damina biyu za ta kayar a kan waɗanda aka yi dominsu ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare gidaje da mazauna cikinsu.