Abin Da Ke Hana Inji Jawo Ruwa Da Bazara

Duk shekara idan bazara ta kama, watau wajen Maris da Afrilu, ruwan rijiyoyin unguwar Kpakungu da ke Minna yakan yi ƙasa. A lokacin ne magidanci kan tarar da injin da ya girka a bakin rijiya yana ta ruri, amma ko ɗigo ba ya fitowa. Sai ya ɗora wa makaniki laifi, ko kuwa ya ci bashi ya sayo wanda ya fi girma, alhali ba nan gizo ke saƙa ba.

Dalilin yana cikin darasin kimiyya da ake koya wa 'yan sakandare. Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi, har tana danne kowane santimita murabba'i da misalin kilo 1. Abin da inji ke yi kawai shi ne ya rage iskar cikin bututu, sa'an nan nauyin iskar waje ya danna ruwan rijiya ya tura shi sama. Haka ƙahon wanzami ke manne wa fata idan ya zuƙe iskar ciki ya toshe bakin.

To, wannan nauyi yana da iyaka. Ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai, a aikace ma da wuya a wuce 7 ko 8. Wani masani ɗan Italiya, Torricelli, shi ya tabbatar da haka a 1643. Ya cika bututun gilashi da zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi, ya kife shi cikin tasar zaiba, sai ta tsaya a santimita 76. Saboda haka komai ƙarfin inji, muddin a sama yake, ba zai ƙetare wannan iyaka ba.

Kafin magidanci ya ɓarnatar da kuɗinsa, ya kamata ya zura igiya da bazara ya auna daga inji zuwa fuskar ruwa. In ya wuce mita 7, sai ya nemi irin wanda ake nutsarwa cikin ruwa, domin shi turowa yake yi daga ƙasa.

Malaman kimiyya kuwa, lalle ya kyautu su riƙa kai yara bakin rijiya. Yaron da ya auna da hannunsa, shi zai hana ubansa wannan hasara.