Situdiyo Ta Shiga Jaka, Ina Makaɗan Zango?

A wannan wata za mu taɓo maganar kiɗa da waƙa, ko da yake mun san akwai malamanmu da ba su son jin ta. To, a yi mana haƙuri, domin ko mun yi shiru, yaranmu na Nima da Maamobi da Malam suna cikin sana'ar tsundum, wasu ma da ita suke ciyar da iyayensu.

Dattawa za su tuna yadda na'ura ta fara cin kasuwar makaɗa a ƙasar nan. Bayan juyin mulkin ranar 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fita da dare, wadda ba a ɗage ba sai 1984. Gidajen rawa suka mutu, ga haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa, sai makaɗan hailaif suka watse, da yawansu suka nufi Jamus. A can ne irin su George Darko suka rungumi fiyanon lantarki da injin ganga, aka sami kiɗan da ake kira boga hailaif, wato daga sunan birnin Hamburg. Aikin da mutum goma ke yi a dā, sai ga mutum biyu sun gama shi.

Mu 'yan zango mun ci moriyar wannan canji, kada mu ɓoye. Da Reggie Rockstone ya fito da hiplaif wajen 1997, yaro ba ya bukatar ƙungiyar makaɗa kuma, murya kawai da mai haɗa sauti a kwamfuta. Ta wannan ƙofa ce samarin VIP suka fito daga lungunan Nima, suna cuɗa Hausa da Tuwi da Turanci, har suka ɗauki kambun mawaƙan shekara na ƙasa a 2004. Wa ya taɓa zaton za a ji Hausar zango tana tashi a gidajen rediyon Ankara da Kumasi?

Yau kuwa abin ya wuce nan. A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPad, wato kwamfutar nan mai kama da allon makaranta da ake kira tabilet, a 2011 kuma aka sa mata manhajar GarageBand. Ƙungiyar Gorillaz ta Ingila ta naɗi kundi sukutum da ita tun a 2010, suna kan hanyar yawon wasa a Amurka. Yanzu yaro yana zaune a kan benci, da abin sauraro a kunne, yana danna ganga da fiyano da garayar Turawa da yatsa ɗaya, ya ɗora murya, ya aika wa abokinsa a Tamale ta WhatsApp kafin la'asar. Lokacin dumso, musamman a 2015, da wuta ke ɗaukewa situdiyo ta tsaya cik, mai tabilet da batirinsa bai fasa aiki ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A saurari kiɗan da yaran nan ke haɗawa, a gaya mana ina kalangu a ciki. Kalangu ai magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana saki, sautin ya hau ya sauka daidai da hawa da saukar harshen Hausa, har mai sauraro ya gane kirarin wane ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Na'ura kuwa bugu ɗaya aka naɗa mata, shi za ta yi ta maimaitawa a kan ma'auni, ba ta jinkirta wa mai rawa, ba ta san an shigo da amarya ba. Haka ma manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, takan jawo murya zuwa ma'aunin sautin Turawa, sai karyar muryar nan ta zabiya ta baje.

'Yan'uwanmu na Kano sun riga mu ganin wannan. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, daidai lokacin da Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi rayuwarsa da 'yan kalangu a bayansa, ya rasu a 1999. A nan ma yanzu, uwar biki takan ga ɗauko mai manyan lasifika ya fi mata sauƙi da kiran makaɗa. Makaɗin da ba a kira shi biki ba kuwa, da wane ƙarfin gwiwa zai ce ɗansa ya gaje shi? Saura sai ranar Sallah, in sarakunan zango sun fito, a ɗan ji ganga da algaita.

Ba mu yarda cewa laifin na'ura ba ne. Ga King Ayisoba, mutumin arewacin ƙasar nan, da kologonsa mai tsirkiya biyu ya shiga situdiyon zamani, ya kuma lashe waƙar shekara a 2007. Bai jefar da kayan kakanninsa ba, kasuwa kuma ta karɓe shi har Turai.

Don haka kiranmu ga masu haɗa sauti na zango shi ne, tabilet ɗin nan tana da makirfo. A ɗauke ta a je gidan tsohon makaɗi, a zauna a naɗi kiɗan mahauta da na sarauta da na aure, kowanne da sunansa da kirarinsa. A biya shi haƙƙinsa a hannu, a rubuta sunansa a jikin waƙar, a kuma yi masa rajista da GHAMRO, hukumar da ke karɓar kuɗin mawaƙa, domin in an sa waƙar a rediyo shi ma ya sami rabonsa. Fadar sarakunanmu kuma ta ajiye kwafi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.