A Daina Yi Wa 'Yan Wasa Mata Kuɗin Goro

Jama'a, akwai wata muhawara da ta daɗe tana ci a manyan hukumomin wasanni na duniya, har ta gangaro teburan masu shayi na Agege da Sabon Ibadan, watau batun wace ce mace a filin gasa. Da yawa daga cikinmu da an nuna mana hoton 'yar tsere mai faɗin kafaɗa da kaurin murya sai mu bushe da dariya mu ce gardi ne ya ɗaura zane. Wannan dariya kuwa ba ta kamace mu ba, gama mafi yawan waɗanda ake tozartawa 'ya'yan talakawan Afirka ne, kuma abin da ake yi musu zalunci ne.

Tushen ɓarnar shi ne an haɗa mutane iri biyu an yi musu kuɗin goro. Na farko shi ne wanda aka haifa namiji, ya balaga a namiji, sa'an nan daga baya ya sauya jinsi. Na biyu ita ce wadda aka haifa mace a idon ungozoma da iyaye, aka raɗa mata sunan mata, ta girma cikin 'yan mata, sai da ta fara cin tsere likita ya ce a cikin jikinta akwai wani sashe na halittar maza. Wannan ita Bahaushe ke kira mata-maza, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don malaman fikihu tun dā sun keɓe mata hukunci a rabon gado, ba su kuwa kira ta maƙaryaciya ba.

A kan kashi na farko ba mu da ja. An raba gasar mata da ta maza ne saboda balaga tana ba namiji tsawon ƙashi da ƙarfin tsoka da girman zuciya da huhu, har tazarar gwanayen maza da gwanayen mata a tsere takan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Shan magani daga baya ba ya rage tsawon ƙashi. Saboda haka hukumar ninƙaya ta duniya a 2022, da ta guje-guje da tsalle-tsalle a Maris na 2023, sun yi daidai da suka hana wanda ya balaga a namiji shiga gasar mata. Amma a lura, a ranar da aka kafa dokar guje-gujen, hukumar da bakinta ta ce babu mai sauya jinsi ko ɗaya da ke fafatawa a gasar ƙasa da ƙasa a lokacin. To, a kan wa bulalar ta sauka?

Ta sauka a kan Caster Semenya, 'yar ƙauye daga lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, wadda ta ci tseren mita 800 a Berlin a 2009 tana da shekara 18, aka kuwa bar labarin binciken jikinta ya bazu duniya ta ji. Ta sauka a kan Francine Niyonsaba ta Burundi da Margaret Wambui ta Kenya. Ta sauka a kan Annet Negesa ta Yuganda, wadda aka yi wa tiyata a 2012, ta ce ba a fayyace mata abin da za a cire ba, kuma tun daga nan ƙarfinta bai dawo ba. Ta sauka har a maƙwabtanmu, a kan Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a 2019, aka tilasta mata barin wannan tsere ta koma mita 200, inda duk da haka ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022.

Masu goyon bayan hukumar suna da hujja, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Sun ce irin waɗannan 'yan wasa suna da ƙwayar halittar XY, jikinsu yana yin sinadarin testosteron daidai da na maza, kuma a wasannin Olamfik na Riyo a 2016 su uku ne suka kwashe zinariya da azurfa da tagulla a mita 800. Sauran matan da suka yi shekaru suna horo su ma 'ya'yan wasu ne, suna da hakki. Wannan magana ce mai nauyi. Amma ko da an yarda cewa akwai fifiko, ai hanyar da aka bi wajen maganinsa gyaran gangar Auzinawa ce.

A dubi dokar 2018. Ta ce mace irin wannan ba za ta yi tsere daga mita 400 zuwa mil guda ba sai ta sha magani ta rage sinadarin, amma tana iya yin mita 100 ko 200 yadda take. Watau Christine Mboma ta Namibiya mace ce a mita 200, inda ta ci azurfa a Tokiyo a 2021, amma a mita 400 ba mace ba ce! Binciken 2017 da aka jingina dokar da shi kuwa, a 2021 marubutansa suka fito da gyara, suka ce bai tabbatar da cewa sinadarin ne sanadin nasara ba. Kotun wasanni da ta amince da dokar a 2019 ita kanta ta ce dokar wariya ce, sai dai wai wariya ce ta dole. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta gargaɗi 'ya'yanta kada su sa hannu, domin ba aikin likita ba ne ya ɗura wa mai lafiya magani don ya rage masa gudu. A Yulin 2025 babban zauren kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai ya yanke cewa kotun Suwizalan ba ta saurari ƙarar Semenya yadda ya kamata ba, amma kafin nan shekarun ƙarfinta sun wuce.

Daga 1 ga Satumba 2025 aka ɗora sabon kaya: duk macen da za ta shiga babbar gasar guje-guje ta duniya sai an gwada yawunta ko jininta a nemi ƙwayar da ake kira SRY. Wannan tsohuwar hanya ce da aka bi aka ga ƙarshenta. A 1966 a Budafes tuɓe mata aka yi a gaban likitoci. A 1968 aka koma gwajin ƙwayar halitta. A 1985 gwajin ya kayar da Maria José Martínez-Patiño ta Sifen, aka ƙwace mata lambobinta, sai a 1988 aka maido ta bayan an gane jikinta ba ya amfani da sinadarin ko kaɗan. A Atlanta a 1996 an gwada mata 3,387, takwas suka faɗi, kuma dukkansu aka bar su suka yi wasa, har a 1999 aka soke gwajin. Andrew Sinclair, masanin da ya gano ƙwayar SRY a 1990, shi da kansa ya fito ya ce ba ta isa ma'aunin raba mace da namiji ba. Kada kuwa a ɗauka abin bai shafe mu ba, don a gasar damben duniya ta Libaful a Satumban 2025 an hana 'yan damben mata na Faransa da na Nijeriya shiga, ba don sun faɗi gwaji ba, sai don sakamakon bai iso da wuri ba.

Me ya sa kullum a kan baƙar fata da 'yan Indiya abin ke faɗawa? Domin a ƙasashe masu arziki akan gane irin wannan halitta tun jariri yana asibiti, a ƙauyukanmu kuwa yarinya ba ta sani ba sai ta yi suna. Ranar da za ta ji labarin jikinta ita ce ranar da duniya za ta ji. Mai zama a Ikko ko Fatakwal ya san abin da irin wannan tonon asiri zai yi wa yarinya da iyayenta in labari ya kai gida: ba aure, ba mutunci, ba shiga taro.

Saboda haka muna kira da babbar murya. A raba dokar masu sauya jinsi da ta mata-maza, kowa a auna shi da mudunsa. In gwaji ya zama tilas, a yi shi tun yarinya ba ta fita waje ba, cikin sirri, tare da likita mai yi mata bayani, kuma duk jami'in da ya tona a hukunta shi. A haramta tilasta wa mai lafiya shan magani ko yin tiyata. Wadda aka ce ba ta cancanci wani tsere ba, a nuna hujja ta ilmi a kan wannan tseren, a bar mata lambobin da ta ci bisa dokar zamaninta, a kuma sama mata inda za ta yi gasa. Hukumomin wasannin Nijeriya da Nijar su tsaya wa 'ya'yansu, su daina amsa amin ga duk abin da aka aiko daga Monako.

Mu kuma 'yan kallo mu kama bakinmu. Wadda ba ta yi ƙarya ba, ba ta sha ƙwaya ba, ba ta zaɓi halittarta ba, kiranta ɓarauniya ƙazafi ne, kuma babu gidan da ya fi ƙarfin a haifi irinta a cikinsa. Allah ya sa masu iko su ji, su gyara.