A auna ruwan Adar tun da sauran lokaci

Hasken ruwa ba ya nuna lafiyarsa. Darma idan ta narke cikin ruwa ba ta sauya masa launi ko wari, sai awo ke tona ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ta wuce miligiram 0,01 cikin lita guda.

A 2010 gubar darma daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara. A Tibirin Maradi kuwa, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuliwor ya tanƙwara ƙasusuwan yara shekara da shekaru kafin hukuma ta farga.

Makiyaya, masunta da masu lambu sun dogara ga tabkin Tabalak da koramun Keita, ga kuma shirin haƙar kwal a Salkadamna. In ba a san halin ruwan kafin haƙa ba, gobe babu hujjar kama kowa.

Wajibi ne ma'aikatar ruwa ta auna ruwan damina da rani, ta liƙa sakamakon a kasuwar Tawa. Rigakafi ya fi magani.